Furen Teku a Ɗakin Baƙi

Sunansa na Larabci ya yi mini tsawo, ban taɓa iya riƙe shi ba, don haka tun ranar da aka kawo shi nake ce masa furen teku. Ba fure ba ne. Dabba ce, in ji babban ɗana, yana da baki a tsakiya, yana da ƙafa guda mai faɗi da yake manne wa dutse da ita, kuma in wuri bai yi masa ba sai ya tashi. Ni dai abin da idona ya gani a cikin ledar ruwan da aka ɗauko shi daga Jidda, wani abu ne kamar jiƙaƙƙen tsumma mai ruwan ƙasa. Sai da ya huta a cikin tankin kifin yaron sannan ya kumbura ya baje yatsunsa, masu yawa, kowane da ɗan kore a kansa, suna lilo a cikin ruwa. A nan na yarda yana da kyau.

Muna zaune a unguwar Harra ta Yamma a Madina a lokacin, a hawa na biyu, cikin shekarun farko bayan dubu biyu. Maigidana mai haɗa magani ne a wani asibiti, fitar safe dawowar yamma. 'Yan matanmu duk sun yi aure. Yaron kuwa a nan Madina aka haife shi, a nan ya yi karatu, kuma tun yana makaranta ya haɗa wannan tanki na gilashi a ɗakin baƙi, domin mukayyif ɗin ɗakin, wato na'urar sanyaya iska, ya fi na ko'ina sanyi kuma rana ba ta shiga. Ya cika shi da ruwan gishiri da duwatsun teku masu ramuka, da wasu ƙananan kifaye biyu masu ruwan goro da ratsin fari. Saboda su aka sayo furen, wai a teku a cikin yatsunsa suke kwana. Ba a daɗe da kawo shi ba aikin da yaron yake jira ya fito a garin Yanbu. Ya zama sai yammacin Laraba yake zuwa gida, ya koma ranar Juma'a bayan la'asar. Sauran kwanakin, tanki ya dawo hannuna.

Ya kamata in faɗi wani abu a nan, don 'ya'yan yanzu ba lalle su gane ba. Ɗan fari ne. A gidan da na tashi a Zariya, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ba ta yabonsa a gaban mutane, ba ta kuma yi masa musu baki da baki. In akwai magana sai a bi ta wurin kaka ko goggo. To mu a Madina babu kaka babu goggo, sai ni da shi da wannan kunya da na taho da ita a cikin kayana. Ya girma yana ganin iyayen abokansa suna rungume 'ya'yansu a bakin makaranta suna kiransu da sunaye masu daɗi, ni kuwa iyakata in ce "kai" ko in ce "a zo a ci abinci", kamar da bango nake. Bai taɓa tambayata dalili ba. Ina yi masa Hausa, yana amsa mini da Larabci, a haka muka rayu lafiya.

Ranar da zai fara tafiya ya tsayar da ni gaban tankin ya yi mini bayani, kuma ban tuna ranar da ya taɓa yi mini doguwar magana irin wannan ba. Ya nuna mini inda ruwa yake tsayawa, ya ce in ya ragu in ƙara mai daɗi na jarka, ba na gishiri ba, don ruwan ne ke tashi gishirin yana nan. Ya nuna mini ma'aunin zafi. Na yi ajin yaƙi da jahilci bayan na yi aure, lambobin ba su gagare ni ba. Ya ce kada a kashe mukayyif ko da babu kowa a ɗakin. Kada hannu mai sabulu ko mai ko lalle ya shiga ruwan. Sannan ya ce da turaren wuta ma, a daina a wannan ɗaki. Wannan ta yi mini nauyi. Ɗakin baƙi babu turare, a wurina kamar a karɓi mutum ne ba a ba shi ruwa ba. Na ce to.

Ya riga ya shirya wa furen mazauni. Wani dutse ne a gaba, daidai tsakiya, mai rami kamar ƙaramar ƙwarya, ƙarƙashin fitila, inda duk wanda ya shigo ɗakin idonsa zai fara sauka. Ya ajiye shi a ciki da hannunsa, ya tsaya har ya ga ƙafar ta kama. Da safiyar Asabar na shigo da tsintsiya na tarar da ramin wayam. Furen yana jikin gilashin hagu, can sama, ya manne kamar an liƙa shi. Babu wanda ya taɓa ganinsa yana tafiya. Sai dai ka bar shi a nan, ka je ka ɗora tukunya ka dawo, ka ga ya gota da faɗin yatsa.

Da la'asar yaron ya bugo waya. Da ma yakan kira mahaifinsa ne, ni a ce a gaishe ni. Ran nan wayar gida ya kira, ya ce Ummi yake nema. Ya tambayi inda furen yake, na faɗa masa. Ya tambaya ko ya buɗe ko ya tsuke, ko bakinsa a rufe yake ko ya saki, ko ya karɓi ɗan jatan landen da na miƙa masa a kan tsinke. Washegari ya sake kira, haka jibi. Ya zama kullum bayan la'asar ina zaune kusa da waya da hijabina ban cire ba. Ba mu taɓa zancen wani abu ban da furen ba. Amma ina jin muryarsa, ina gane ranar da ya ci abinci da ranar da bai ci ba.

Ranar Laraba yana shigowa, kafin ya cire takalmi sosai, ya wuce ɗakin baƙi. Ya wanke hannu da ruwa zalla, ya naɗe hannun riga, ya dinga sosa gefen ƙafar furen da kan yatsa a hankali har ta saki gilashin, ya mayar da shi cikin ramin. Alhamis da Juma'a furen yakan zauna, kamar ya san mai shi yana gida. Asabar ya tashi. Haka muka yi ta yi, mako bayan mako, har na daina lissafi. Wani makon ya hau gilashin dama, wani makon ya sauka kan yashi ya kife, wani makon kuma ya saki komai ya bar ruwa yana yawo da shi kamar leda a iska.

Wannan na ƙarshe shi ne abin tsoron. A kusurwar tankin akwai ɗan inji mai zuƙar ruwa yana turawa, kuma yaron ya gaya mini in furen ya kai bakinsa zai ja shi ya yayyanka. In kuwa ya mutu a ciki ba a sani ba, zai ruɓe cikin ƙanƙanin lokaci, ya ɓata ruwan, kifaye da duwatsu da duk abin da ya yi shekaru yana tarawa su bi shi. Kashe injin ma ba ya yiwuwa na dogon lokaci, don sai ruwa yana motsi suke numfashi. Saboda haka aikina ya zama gadi. Ina wanke shinkafa ina leƙowa. Ina sallama daga salla in juyo in duba. Masallacin Annabi da nake zuwa in daɗe tun daga la'asar har isha, ya koma in je in dawo a tsaye-tsaye. An yi suna a Al-Azizya ban je ba, an yi walima a Uhudu na aika da haƙuri.

Wani lokaci kuma furen yakan sace gaba ɗaya, ya zama ɗan dunƙule mai yauƙi yana fitar da wani baƙin zare daga baki. Karon farko da na gani na zaci mutuwa yake yi. Yaron ya ce ba komai, bayan gida yake yi, in dai bai yi wari ba yana da rai. Tun daga nan na ƙara wani aiki, na sunkuya kan tanki ina shanshana ruwa.

A haka maƙwabciyata ta same ni wata rana. Dattijuwa ce, ta girme ni, a hawa na ƙasa take. Kakanta ne ya taho aikin hajji daga Kano a ƙasa bai koma ba, ita ko hanyar Kano ba ta sani ba, Hausarta rabi Larabci ce, amma wasan Kanawa da Zazzagawa ta riƙe shi kam kamar jiya ta baro Kurmi. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallona, sannan ta matso ta leƙa.

"Ke Bazazzagiya, wannan ne ya hana ki zuwa suna? Mutane na kiwon awaki, ku kun ƙare a kiwon majina."

Na ce mata ai Bakano ba ya ganin kyan abu sai an gaya masa a kasuwa ana nemansa. Ta yi dariya har da riƙe ƙugu, ta zauna, ta ce ɗakin nan wari yake kamar bakin teku, ina kaskon turarena. Da na gaya mata an hana, sai ta daina dariyar. Ta ce ita a saninta baƙon da ya ƙi wurin da aka shimfiɗa masa, ƙyale shi ake yi ya zauna inda ya ga dama, in ya so ko bakin ƙofa ne. Na ce ba nawa ba ne, amana ce. Ta ce to in gaya wa mai shi mana, ba ɗana ba ne? Na zuba mata shayi. Ta san al'adar, a wurin kakarta ta ganta, sai dai ita ba ta yi wa nata ɗan farin ba. Ta ce Allah ya sawwaƙe mini, ta sha shayinta ta sauka.

Shi ma yaron ba wai bai sani ba ne. Mai shagon da ya sayar masa ya gaya masa a bar furen ya nemi wurinsa da kansa, shi da bakinsa ya faɗa mini haka a waya. Amma duk Laraba in ya shigo ya gan shi a maƙale a wata kusurwa, sai ya ce wannan karon kaɗai, ya gyara fitila, ya karkata injin, yanzu ramin zai yi masa. Maigidana kuwa da na ɗan taɓa masa zancen, cewa ya yi tsakanina da ɗana ne, shi marasa lafiyar asibiti sun ishe shi.

Ana cikin tsakiyar zafi, irin wanda baƙaƙen duwatsun unguwarmu suke huci har bayan magariba, aka yi rasuwa a gidan wasu mutanenmu da ba yadda za a yi in ƙi zuwa. Na duba furen kafin in fita, yana kan yashi a gaba, nesa da injin. Na je na yi gaisuwa, ban ko tsaya cin abinci ba. Ina buɗe ƙofar gida na ji ƙarar injin ta sauya, tana wani gurnani. Ruwan ya yi hazo. Gefe guda na furen ya shige bakin injin, sauran jikin yana reto a waje, guntayen yatsu suna yawo ko'ina.

Na zare wayar injin daga bango. An gaya mini kada in ja shi, in bari ya zare kansa, don haka na jawo kujera na zauna da abayata a jiki. Na daɗe a wurin. Kaɗan-kaɗan ya dinga janye naman jikinsa daga cikin ramukan, har ya faɗo kan yashi, ya yi fari, gefensa a yage. Da yaron ya kira na gaya masa yadda abin yake. Sannan ya ce a canja ruwa, mai yawa, yau ɗin nan, kuma shi ba zai samu fitowa ba sai Laraba.

Ni na yi. Na kwashe tsohon ruwan da bokiti ina kaiwa banɗaki, na jawo jarkoki daga baranda, na auna gishirin tanki yadda ya kwatanta mini a waya, na dama har ya narke, na jira ya yi sanyin ɗaki, na zuba a hankali. Washegari na sake. Na samo ragar buhun albasa na wanke ta tas da ruwan zafi, na ɗinke ta a bakin injin da zaren roba. Bayana ya riƙe, kwana da kwanaki a zaune nake salla. Ina shanshana ruwan safe da yamma ina jiran warin da aka ce, bai zo ba.

Furen ya kwanta a inda ya faɗi, bai ci ba, bai buɗe ba. Laraba biyu yaron ya zo ya tsaya a kansa bai taɓa shi ba, don ko shi ya ga babu abin taɓawa. Sai wata safiya na duba ban gan shi ba. Na duba gilashi huɗu, na duba raga, na duba yashi. Daga ƙarshe na je gefen tankin na manna kumatuna da bango, na leƙa ta ɗan tsakanin da ke bayan duwatsu. Yana can. Ya cusa ƙafarsa cikin wani tsagi a bayan babban dutsen, yana fuskantar bango, inda haske kaɗan ne ke sauka. Na ce a raina gobe ma ya tashi. Bai tashi ba. Ya kwana, ya wuni, ya sake kwana. Ya soma kumbura, launinsa ya fara dawowa, gefen da ya yage ya haɗe. Na hau 'yar kujera na zura dogon tsinke ta baya da ɗan jatan lande, ya naɗe yatsunsa a kai ya kai baki. Kifayen nan biyu ma suka bi shi can suka tare. Gaban tankin ya zama duwatsu kawai da ramin da babu kowa. A makon nan na je Masallacin Annabi na zauna har isha, na dawo na same shi inda na bar shi.

Laraba yaron ya zo. Na nuna masa inda zai sa kumatunsa. Ya leƙa ya daɗe, ya ce masha Allah, ya warke. Ya miƙe ya tafi wurin famfo, na ji yana wanke hannu. Ya dawo yana naɗe hannun riga, yana cewa tunda ya yi ƙarfi yanzu ne daidai, kafin ya saba da can.

Ina tsaye a bakin ƙofa da farantin abincinsa. Ban shirya yin magana ba. Abin da ya zo mini kawai shi ne Asabar, da bokiti, da hawa da sauka.

"Ka bar shi," na ce.

Ya juyo. Ina jin ya zaci da wani nake.

"Ummi, a can ba mai ganinsa. Kamar babu shi ne."

"Na sani. Ka bar shi a can. In ka ɗaga shi kai za ka koma Yanbu, ni zan yi ta binsa har wata Larabar. Na gaji."

Hannunsa yana ɗigar da ruwa a kan kafet. Ya dube ni, ni kuma na dubi farantin, don ban saba ba. Da ya buɗe baki da Hausa ya yi maganar, irin tasa mai karkacewa.

"Tun yaushe kin gaji?"

Na ce an daɗe. Ya ce me ya sa ban faɗa ba. Na ce abincinsa zai huce. Ya sake leƙa bayan dutsen, sannan ya sauke hannun rigarsa ya karɓi farantin. Ya ce, "Halas, Ummi. Ma'alesh," wato shi ke nan, in yi haƙuri.

Furen bai ƙara tashi daga wannan tsagi ba. Ya yi shekaru a wurin, ya yi girma har yatsunsa sukan ɗan leƙo ta saman dutsen in ruwa ya kaɗa su. Baƙi sukan shigo su tsaya gaban tankin su tambaya ina kifayen, in ce suna baya. Maƙwabciyata takan ce wa mata ku zo ku ga gidan da ake kiwon duwatsu. Ciyar da shi bai taɓa yin sauƙi ba, sai na hau kujera na miƙa hannu ta bayan fitila, kafaɗata tana ƙara, amma wannan aiki ne mai lokaci, in na gama na gama.

Kiran la'asar ya ci gaba na ɗan wani lokaci. Yana nan? Yana nan. Ya ci? Ya ci. Daga nan babu abin da za a ƙara. Sai ya koma kwana bibbiyu, sai mako-mako. Daga baya ya koma kiran mahaifinsa kamar da, a ce a gaishe ni. Nakan ce ina amsawa, a gaya masa furen yana nan inda yake.